Kada ka bar wa injin linzamin allon sulu

Ɗana, na ga saƙonka bayan la'asar. Ka ce: "Maigida, gem ɗin allon sulu da nake haɗawa, in ɗora allon a kan fiziks ɗin Unity ne don ya riƙa motsi kamar na gaske, ko in rubuta motsin da hannuna?" Wato allon nan mai tayoyi da ake hawa a tsaye, kana so Unity, injin haɗa gem, ya lissafa maka nauyinsa da karonsa da kansa. Da wani ne ya aiko, sai in ce ya je ya gwada duka biyun ya gani da idonsa. Amma wannan batu shi ya cinye mini aikin da na fi ƙauna a duk abin da na yi a Jidda, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Saboda haka ka karanta har ƙarshe, ban da karatun nan naku na tsallake-tsallake.

Ka rubuta da hannunka. Gem irin na gidan wasa, wanda yaro zai goga kati ya yi minti biyu ya ba na baya wuri, ba ruwansa da yadda allo yake tafiya a titi. Abin da yaron ya biya shi ne ya ji ya zama gwani tun a zagayen farko, kuma aikinka ka ba shi wannan ba tare da ya gane hannunka na ciki ba.

Dubi waɗanda suka riga ka. Kamfanin Atari sun fitar da gem ɗin 720° a 1986, in ɗan wasa ya tsaya ɓata lokaci sai tarin ƙudan zuma su biyo shi. A 1997 Sega suka yi Top Skater, wanda ake hawa allon da ƙafa ana riƙe da ƙarfe. Sai Neversoft a 1999 da Tony Hawk's Pro Skater: minti biyu kacal, mutum yana tashi sama tsayin da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa kaiwa, ya sauko lafiya. A na 2000 suka ƙara manuwal, tafiya a kan tayoyi biyu, don sarƙar dabaru kada ta tsinke a fili, a na 2001 kuma suka ƙara juyin da ke haɗa saukowa daga gangara da manuwal ɗin. Duk ƙarin da suka yi domin sarƙa ta daɗa tsawo ne. Gem ɗin Skate na kamfanin EA da ya zo a 2007 gidansa daban, na wanda ya sayi gem ya kai ɗaki zai yi watanni yana koyo. Kai ba shi kake yi ba.

Wanda ya cuce ni yana da gidan wasan yara a ɗaya daga cikin manyan mol na arewacin Jidda. Ɗan gida ne, da Hausa muke magana, kuma wani dattijo da nake ganin girmansa a unguwar Sabil ne ya haɗa mu. Na'ura yake so irin ta Sega ɗin nan, amma da garinmu a ciki. Na ce mu rubuta yarjejeniya, ya dafa kafaɗata ya ce ni da shi har sai takarda? Dattijon ma ya ce kada in kunyata shi a gaban mutumin da ya kawo. Aka ba ni kashi ɗaya cikin uku, saura sai an kafa na'ura.

Na zuba duk abin da na sani. Na sa mai walda a Sina'iyya ya yi ƙarfen riƙo, ya zaunar da allon a kan sifirin, na saka na'urar jin karkata a ƙarƙashi. Filin wasan da Kurnish na zana shi: dogon bakin teku, bencina, dabino, ƙarfen matakala, ga nafurar Sarki Fahad, mai feso ruwa sama, can tana tashi a bayan ɗan wasa. Ƙarar tayoyi ma ban sauke daga intanet ba, bayan asuba na je bakin tekun na ɗauka da kaina kafin motoci su fito. Da na kira yaran unguwa su gwada, yaron da bai taɓa taka allo ba ya hau, ya yi tsalle, ya goge ƙarfe tun daga farkonsa har ƙarshe, ya sauko yana ihu. Da ƙyar na kore su lokacin magariba.

Mutumin ya zo ya gani, ya yaba, ya ce in zuba masa kwafi a faifai zai nuna wa abokan hannun jarinsa. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da ɗan 'yar'uwarsa, wani saurayi da ya ƙoshi da Skate a gida. Yaron ya hau sau ɗaya ya taɓe baki, wai mutum ba ya tsalle haka, wai allo ba ya manne wa ƙarfe da kansa, wannan ai na ƙananan yara ne. To don wa aka yi shi? Na yi wa kawun bayani har muryata ta dishe, na ce wanda zai hau na'urar nan uwarsa na tsaye da ledojin cefane tana jiransa, ba shi da lokacin koyon faɗuwa. Ya ce mai kuɗi ke faɗin yadda za a yi masa ɗinki, in ba a gyara ba babu cikon kuɗi.

Na warware aikin na sake shi yadda ya ce. Kowace taya da nata karo, nauyi irin na duniya, in ƙafa ta karkata kaɗan a sauka sai ƙasa. Aka kafa ana gobe Sallah, lokacin da mol ke cika maƙil. Yara suka riƙa hawa suna faɗuwa tun ba su yi taku goma ba, lokaci ya ƙare suna ƙoƙarin tashi, wasu da kuka suka sauko, iyaye suka tsaya a kanta suna neman a mayar musu da kuɗin kati. Ya kira ni da daddare yana faɗa, wai na kawo masa aikin banza na zubar masa da mutunci. Ciko babu, na'urar ma ya riƙe, wai kuɗin farko na ƙarfe ne.

Da a nan ta tsaya, da na ce asara ce irin ta sana'a. Bayan watanni wani tsohon yarona ya turo mini bidiyo a Snapchat daga wani reshen mutumin a wani gari. Ga layin yara har bakin ƙofa, ga gem ɗina na farko, wanda ya karɓa a faifai. An sauya launin rigar ɗan wasa, an goge sunana daga allon buɗewa, an liƙa nasa. Ƙarar tayoyin da na ɗauka da asuba ce take fita daga sifika. Na same shi a ofis, ya dube ni ido cikin ido ya ce ina shaidata. Dattijo ya ce in yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Na girmama furfurarsa na bar maganar, amma ban yafe ba, akwai ranar da za mu tsaya.

Yanzu ga aikin. Ba zan tsaya kan yadda ake shigo da siffar allo ko haɗa hannun gem ba, wanda bai iya wannan ba ya koma shara. Ɗauki ɗan wasa da allonsa a matsayin abu guda. Harba layi daga ƙarƙashinsa zuwa ƙasa a kowane firam, wato kowane hoton da gem ke zanawa, ka karanta karkatar wurin, ka kwantar da allon a kai a hankali. Gudu, juyi, tsalle, duk lambobinka ne, kai ke ƙarawa kai ke ragewa. Nauyin duniya, wato ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, 9.8 ne, amma a allon talabijin mutum sai ya zama kamar yana iyo, don haka ka ƙara shi, musamman wajen saukowa. In ya tashi daga gangara mai miƙewa sama, kulle shi a wannan layin ya dawo inda ya tashi, ko da lissafi ya ce waje zai faɗa.

Ƙarfen gogawa layi ne da ka zana. In ɗan wasa ya zo kusa ya danna, jawo shi kai, kada ka jira tayoyi su dace. Sannan ka yi masa afuwa a lokaci. Gem mai firam 60 a daƙiƙa, kowane firam bai kai miliseƙan 17 ba, yatsan yaro ba ya aiki da wannan ma'auni. In ya danna tsalle firam biyar ko shida kafin ya taɓa ƙasa, ajiye masa dannawar. In ya danna jim kaɗan bayan ya bar bakin tudu, karɓa. Sauka a ɗan karkace ka ba shi maki kaɗan ka bar shi ya wuce, faɗuwa sai ga wanda ya sauko a gicciye sosai, kuma ko shi ka tashe shi nan take.

Daɗin wasan yana cikin maki. Kowace dabara tana ƙara ninkin maki, amma ba ya shiga aljihu sai an sauka lafiya, in ya faɗi duk ya zube. Kwaɗayi da tsoro su riƙa ja-in-ja a zuciyarsa. Dabarar da ya maimaita ka rage mata daraja. Fili kuwa kada ya ƙare a bango, kowane ƙarfe ya miƙa shi ga gangara, gangara ta miƙa shi ga benci.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, kun ji kamfanin Savvy na Saudiyya sun sayi kamfanin gem na Scopely a kan dala biliyan 4.9 a 2023, kun ga gasar gem ta duniya da aka fara a Riyad a 2024, kowa idonsa ya rufe. Ku sayi kaya a kantin Unity ku jera, ku sa haske da inuwa, ku tura bidiyo ana yaba muku, alhali tsallen cikin gem ɗin ba ya da daɗi a yatsa. Mu da muka koya, sai mutum ya kwana yana sauya lamba ɗaya.

Kuma kada kwafin da ke aiki ya bar hannunka kafin a sa hannu a takarda, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Mai son nuna wa abokansa ya kawo su shago. Hukumar SAIP, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Saudiyya, tana rajistar manhaja, ka yi kafin ka nuna wa kowa.

Ranar Asabar ka zo da fili fari fat, gangara ɗaya, ƙarfe ɗaya, akwati a madadin mutum. Ba zane, ba kiɗa. Zan miƙa wa ɗan mai shayin ƙasan bene hannun gem ɗin, in ya ajiye kafin minti biyu za ka sake daga farko.