Mayafin mugu a wasan kwaikwayo: alkyabba zan saya ko tela zan kai wa yadi?

Tambaya: Ni malami ne a wata sakandare a Daura, ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. A wasanmu na ƙarshen zango akwai wani azzalumin boka da ya addabi gari, amma yaron da zai fito a bokan siriri ne, ba shi da kwarjini. Wani ya kawo mini tsohuwar alkyabba zai sayar da sauƙi. In saya?

Amsa: Malam, bar alkyabbar nan ko da kyauta ce. A Daura kake, garin da yara ke tashi suna kallon hakimai a hawan Sallar Gani. Da an ga alkyabba mai aiki a ƙirji, sarauta ce ke zuwa a ran kowa, tun da ita da rawani ake naɗi. Yaronka na shigowa 'yan kallo za su ga basarake, ba boka ba, ƙila ma wani shaƙiyyi daga baya ya yi masa "ranka ya daɗe" a fashe da dariya. Ga kuma dattawan da ba za su ji daɗin ganin tufar sarauta a jikin matsafi ba, alhali su kuka gayyato.

Abin da kake nema a mayafin mugu ba ado ba ne. Aikinsa na farko ɓoye hannu. Mutum na tsaye gabanka ba ka san me ke hannunsa ba, wuƙa ce, laya ce, ko ba komai, nan faɗuwar gaba ke farawa. Sannan yana shafe siffar jiki, a daina ganin ƙafafu da ƙugu, sai abu guda mai faɗi daga kafaɗa har ƙasa. Shi ya sa rashin jikin yaronka bai dame ni ba. Masu fim ɗin Star Wars na 1977 da wannan dabarar suka yi aiki a kan Darth Vader, mugun fim ɗin: sun rufe fuska, sun saki baƙin mayafi har ƙasa, ko baya ya juya ka san shi ne. Doguwar kwalar mayafin Dracula kuwa, mugun nan mai shan jinin mutane a labarin Turawa, daga dandamali ta samo asali, a wasan da aka fara a Ingila a 1924. Ɗan wasan kan juya wa jama'a baya, kwalar ta kāre kansa, ya sulale ta wata ƙofa a ƙasan dandamali ya bar mayafin, sai a ga kamar ɓacewa ya yi.

To, tela za ka je. Amma a wajen sayen yadi mutane ke yin asara, don ido na tafiya ga mai ƙyalli. Nauyi za ka saya. A shagon, ka ce a warware maka yadi biyu, ka ɗaga ka girgiza sau ɗaya. In ya yi lilo ya koma ya tsaya cak, shi ne. In ya riƙa kaɗawa kamar ledar da iska ta ɗauko, ajiye shi. In kuɗin ƙungiya ba su kai ba, ka zaga wajen 'yan gwanjo ka nemi labule mai kauri, sau da yawa ya fi sabon yadi zubi.

Yadi huɗu zuwa biyar zai isa. Ka gaya wa telan ya yanka shi rabin da'ira, kada ya yi maka mai kusurwa huɗu. Ya sa soso a kafaɗu, ya ɗinke 'yan ƙarafa masu nauyi a cikin kalmasar ƙasa, don in yaron ya juya mayafin ya biyo shi a hankali. Tsawon ya tsaya a idon sawu, domin boka ya taka mayafinsa ya faɗi a gaban iyayen yara, wasa ya tashi daga na tsoro. Igiyar ɗauri kuma kada ta zauna a maƙogwaro, a bi da ita ta ƙarƙashin hammata a ɗaure ta baya. Ka ba shi ya yi ta gwaji da shi tun kafin ranar, ya koyi tafiya sannu da tsayuwa ba motsi.

Tambaya: Muna ɗaukar gajeren fim da waya a Ƙofar Ƙaura, Katsina, za mu sa a YouTube. Shugaban 'yan fashinmu baƙin mayafi ya kamata ya sa ko ja? Abokina ya nace sai karan-miski.

Amsa: Ɗan'uwa, baƙi, amma da sharaɗi. Kyamarar waya ba ta iya rarrabe baƙin tufa da duhun dare, sai ku tashi da fuska tana yawo ita kaɗai. Ku sa fitila a bayansa don gefen kafaɗunsa ya fito, ku yi wa mayafin shafi da ja mai duhu, wanda ba a gani sai ya buɗe hannu. Ja zalla mai haske ku guje shi, balle a haɗa da kore, kun yi dogari ke nan.

Karan-miski na da kyau a hoto, abokinka bai yi ƙarya ba. Sai dai yana kwasar ƙura, ga tsada, kuma a watan Afrilu da zafin Katsina ke haura digiri 40 ɗan wasanku ba zai jure ba. In da hunturu za ku ɗauka, ku saya, ku tafi da buroshi. In da bazara ne, ku nemi yadin kwat mara ƙyalli.