Kafin ka buɗe gwangwanin fenti, san watan da tankarka take ciki

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na sauke Tiger ɗinka, ɗan samfurin tankar yaƙin Jamus, daga kanta, alhali ka kwashe mako uku kana haɗa ta, babu ɗigon gam ko ɗaya a waje. Hannunka ba shi da laifi. Matsalar tana jikin allon da ka liƙa a gindinta, inda ka rubuta "Kursk, Yuli 1943", wato wurin da Jamus da Tarayyar Sobiyet suka gwabza babban yaƙin tankoki a Rasha. Tankar da ka ɗora a kan allon nan ba ta taɓa wanzuwa ba, a Kursk ko a wani wuri.

Ka yi mata fenti ruwan toka mai duhu. Haka Jamusawa suke yi wa tankokinsu a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, amma a watan Fabrairu 1943 aka sauya umarni: daga masana'anta tanka za ta fito da rawaya mai duhu, kamar launin ƙasa, sai sojoji su ƙara mata kore da ja-ja a fagen daga. Sannan ka bi jikinta da foti, kwaɓin nan na cike tsaga, ka tsaga layi-layi, wato kana kwaikwayon Zimmerit, shafen nan da suke yi don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne wa ƙarfe. To shi wannan sai bayan yaƙin Kursk aka fara shafa shi, wajen Agusta zuwa Satumba 1943, aka kuma daina a Satumba 1944 saboda jita-jitar cewa yana kama wuta idan harsashi ya daki tanka. (Abin dariyar, su Jamusawan ne ke da irin wannan nakiya, abokan gabarsu kusan ba su yi amfani da ita ba.) Ka ga ke nan toka ta riga ta wuce, Zimmerit bai iso ba, kai kuma ka haɗa su a jiki ɗaya.

Kada ka ce wa zai lura. Mutumin da ke tara irin waɗannan tankoki na ma'aunin 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa a duniya, ba kayan wasan yara yake saya ba. Gangar Tiger mai mita 6 da ɗoriya ta koma santimita 18 a tafin hannunsa, kuma abin da zai fara duba shi ne ƙofar kwamanda da tayoyi. Guda 1,347 kacal kamfanin Henschel ya ƙera a Kassel daga 1942 zuwa 1944, masu sha'awa kuwa sun haddace abin da ya sauya wata-wata.

Sa'arka ɗaya, kwalin da na ba ka na ƙirar farko ne. Dubi ƙofar kwamandan, doguwa ce kamar ganga, tayoyin kuma masu bakin roba ne, domin na ƙarfe zalla sai Fabrairu 1944 suka zo. Duk wannan ya dace da Kursk. Idan kana son ganin irinta, nemi hotunan Tiger 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a Afrilu 1943, tana gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, har yau tana tashi. Siffarta za ka duba, ban da launinta, don ita fentin Arewacin Afirka ne a jikinta.

Saboda haka kankare fotin nan a hankali da bayan wuƙa, ka bi da samfefa mai laushi. Fesa rawaya, ka bar ta ta kwana. Gobe ka sa koren, kuma kada ka tsaya daidaita shi kamar zanen atamfa. Sojojin da kansu suke dama fentin, wani da fetur, wani da ruwa, shi ya sa da wuya ka ga tankoki biyu da launinsu ya zo ɗaya.

Tsatsar da ka zuba wa sarƙarta ma rage ta. Tankar da ta baro masana'anta watanni kaɗan da suka wuce, tana kan tafiya kullum, ina ta ga lokacin yin jajawur haka? Ƙura take bukata, kuma ƙasar Kursk baƙa ce, don haka ajiye jar hodar nan ka ɗauko mai duhun da ke aljihun tebur na biyu. Idan ka gama kankarewa, kawo mini in gani kafin ka taɓa feshi.