Za mu iya mayar da Baba gida a ci gaba da yi masa allurar zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman. An ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, awon jinin nasa (BP) ya yi ƙasa sosai. An jona masa wani inji mai tura magani ta jijiyar wuya, wai noradrenaline. Kuɗi sun ƙare mana. Yayanmu ya ce akwai mai kemis a unguwarmu da zai riƙa yi masa allurar a gida safe da yamma. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Gaskiyarki da hankalinki ya ƙi kwanciya. Kada ku yarda a cire shi daga injin nan.

Noradrenaline matse jijiyoyin jini yake yi don jinin ya hau, ya isa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Akwai wasu magunguna irinsa: dobutamine ƙarfin bugun zuciya yake ƙarawa, adrenaline kuwa yana yin duka biyun. Abin da ya haɗa su shi ne ba sa jimawa a jiki. Cikin minti 2 zuwa 3 jiki ya gama da rabin abin da aka zuba. To ina batun safe da yamma? Shi ya sa za ki ga nas ta haɗa sabon sirinji ta ajiye tun na farko bai ƙare ba, domin in injin ya tsaya na 'yan mintoci, jinin Baba zai koma inda ya fito. Idonta kuma yana kan allon da ke nuna awon jininsa, tana neman matsakaicin awon jini kada ya gaza 65, tana ƙara maganin ko ta rage shi ɗan kaɗan-kaɗan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunan da aka laƙaba wa magungunan nan, wai "allurar ƙarfin zuciya", kamar wani maganin ƙarin kuzari da za a tsira wa duk wanda ya galabaita. Kusan kullum sai na ji wannan magana a bakin 'yan jinya. Mai kemis ba shi da inji, ba shi da allo. Zai fasa kwalba ya zuƙe, ya danna a jijiya lokaci guda. Nan take jini ya yi tashin gwauron zabi, bugun zuciya ya rikice, jijiya tana iya fashewa a ƙwaƙwalwa. In an tsallake wannan, bayan mintoci kaɗan maganin ya ƙare, jini ya sake faɗuwa, ga shi babu kowa sai 'yan gida. Idan kuma allurar ta kuskure jijiya maganin ya tsiyaye ƙarƙashin fata, wurin zai yi fari fat, ya yi sanyi, daga baya ya yi baƙi naman ya mutu. Dalilin da ya sa aka bi ta babbar jijiyar wuya ke nan. Wanda bai san wannan ba amma yake karɓar kuɗin mutane da sunan taimako, wallahi ya ji tsoron Allah, rai ne a hannunsa.

Ko lokacin da zuciya ta tsaya cak, adrenaline ba ya aiki shi kaɗai. Miligiram 1 ake bayarwa duk minti 3 zuwa 5, ana danna ƙirji ba ƙaƙƙautawa. A wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2018, kan mutum sama da 8,000 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, kashi 3.2 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar ne suka kai kwana 30 da rai, waɗanda ba a yi wa ba kuma kashi 2.4. A hannun ƙwararru ke nan fa.

Maganin nan riƙe Baba yake yi kafin maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa su yi aikinsu. Ki tafi da Yaya wurin likitan da ke duba shi, ku tambaya: ana ƙara maganin ne ko ana ragewa? Fitsari yana zuwa? Ku faɗa masa maganar kuɗin ƙarara, ba abin kunya ba ne, ku nemi a haɗa ku da ofishin tallafa wa marasa galihu na asibitin. In kuma injin ya yi ƙara kina kusa, kada ki taɓa maɓalli ko ɗaya, ki kira nas.