Layar zanarka da ɓarakar Harry Potter

Ƙanina na ga saƙonka. Wato a labarin yaran nan da kake rubutawa ka ba jaruminka layar zana tun a shafi na 4, ya ɓace ɓat ya kuɓuta daga hannun ɓarayin shanu, sai gashi a shafi na 19 an kulle shi a ɗaki kwana uku yana ta kuka, wata yarinya cikin masu karatu ta tambaye ka ina layar ta shiga, kai kuma kace mata ai ko Harry Potter cike yake da irin wannan kuma duk duniya an karanta, shine kake tambayata ko ka share kawai ka ci gaba. To kar ka share. Yarinyar nan ta fi ka gaskiya, aikin edita ta yi maka kuma ko sisi bata karɓa ba.

Batun Harry Potter ba ƙarya ka yi ba, akwai ɓaraka, sai dai ka tattara su ka zuba wuri ɗaya alhali ba iri ɗaya bane. Littafi bakwai ne fa, na farko ya fito 1997 a Ingila na ƙarshe 2007, mace ɗaya, marubuciyar J.K. Rowling, tana riƙe da tulin sunaye da ranaku, dole wani abu ya zame mata. Wasu mantuwa ce zalla. A littafi na huɗu da ya fito 2000 akwai wurin da sandar sihirin Harry da ta mugun labarin Voldemort suka sarƙe a maƙabarta, inuwar waɗanda sandar Voldemort ta kashe suka riƙa fitowa daga na ƙarshe zuwa na farko. Uban Harry aka fara kashewa sannan uwar, kaga kenan uwar ya kamata ta riga fitowa, amma a bugun farko uban ne ya riga ta. Masu karatu suka yi caa, aka gyara a bugun baya shikenan. A littafin dai an ce Dudley ɗan yayar uwar Harry ya wurga PlayStation ɗinsa ta taga, alhali labarin a 1994 yake wajen watan Agusta, na'urar kuma sai Disamba ta shekarar ta fito a Japan, Turai ma sai 1995. Haka yawan ɗaliban Hogwarts, makarantar sihirin su Harry, J.K. Rowling ta taɓa cewa sun kai kusan dubu, amma ɗakin kwanan su Harry maza biyar ne, in ka ƙara mata biyar ka ninka da gida huɗu da aka raba ɗalibai da aji bakwai 280 zaka samu. Duk waɗannan ba sa hana yaro jin daɗin labari, dariya kawai ake a wuce.

Taka ba irin wannan bace. Taka irin ta agogon nan ce na littafi na uku, 1999, ɗan ƙaramin agogon yashi da aka ba Hermione ƙawar Harry ta rataya a wuya, juyi ɗaya ya mayar da kai baya awa ɗaya, wai don ta samu shiga darussan da suka faɗo lokaci guda. A ƙarshen littafin suka juya shi sau uku suka ceci Sirius aminin uban Harry da dabbar nan Buckbeak, wallahi wurin yayi daɗi ba kaɗan ba, ni a duk jerin babu inda aka ɗaure labari da kyau kamar nan. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Littafi na gaba aka kashe wani ɗalibi Cedric, Voldemort ya dawo, duk yaron da ke da wayo sai yace to ina agogo, a juya mana. Ka duba wahalar da matar ta sha kafin ta rabu da shi, ta sa Hermione ta mayar da nata, sannan a littafi na biyar na 2003 ta kai faɗa har cikin ma'aikatar masu sihiri aka farfasa duk sauran agogunan, daga baya ita da kanta ta rubuta cewa ta shiga maganar komawa baya a lokaci da wasa kuma ta jawo mata matsala. Wadda kake kafa hujja da ita bata share ba kenan, sai da ta koma ta toshe.

Taswirar nan ma haka, mai nuna sunan duk wanda ke cikin makarantar da inda yake tsaye. Tagwaye Fred da George tun ajin farko suka sace ta a ofishin Filch mai kula da makarantar tana hannunsu har suka ba Harry, ƙaninsu Ron kuma yana kwana da ɓera wanda ashe mutum ne, Peter Pettigrew, shekara goma sha biyu yana ɓoye a gidansu. Sama da shekara biyu taswira na hannunsu ɓera na ɗakin ƙaninsu basu taɓa cewa wai waye wannan ba, malaminsu Lupin kuwa dare ɗaya ya duba ya gan shi. Za a ce maka ai shi ya san sunan su basu sani ba, toh na ji, amma sunan baƙon namiji kullum a gadon ƙaninka ai abin tambaya ne. Sai dawakan nan ramammu masu fukafukai da ke jan keken ɗalibai, waɗanda sai wanda ya ga mutuwa da idonsa ke ganinsu, Harry ya ga mutuwar Cedric amma a ƙarshen littafi na huɗu bai gan su ba sai farkon na biyar. Marubuciyar tace sai mutuwar ta zauna a zuciyar mutum tukuna. Amsa ce mai kyau, matsalarta a hira aka bada ita. Yaron da ke karatu da tocila cikin gidan sauro ba zai je neman hira ba, abin da ke kan takarda shi ya sani. Kai ma in ka tsaya kana yi wa yarinyar nan bayani a guruf ɗin da kake sakin labarin, labarin bai gyaru ba.

Ni wadda ta fi tsaya min ma ita ce ta littafi na huɗu gaba ɗaya, mutum ya yi shekara guda yana kwaikwayon malami Moody yana kurɓar maganin sauya kama duk awa don kawai Harry ya taɓa kofin gasa a ɗauke shi, alhali ko littafi ya miƙa masa zai iya yin aikin. Amma a bar wannan.

Abin da yasa ake yafe mata shine bata barin ka numfasa, kana ɗokin sanin wanda ya saka sunan Harry a gasar sai ka rufe littafi kafin tambayar ta zo maka. Kai ba haka kake ba, shafi ɗaya kake saki a rana, mai karatu yana da dare guda cur yana juya abin a ransa, da safe su haɗu su tattauna. Kuma ba tatsuniya kake ba, inda Gizo zai sha dukan kawo wuƙa yau gobe a fara sabuwa kamar ba a yi ba, naka dogon zare ne kowa na riƙe da bakinsa.

In koyi zaka yi da ita ka koyi inda ta yi daidai. Mayafin ɓacewar Harry shine ɗan'uwan layarka, kuma ka ga yadda ta kafa masa iyaka, baya ɓoye ƙarar tafiya, taswira tana nuna wanda ke cikinsa, idon sihirin Moody yana gani ta cikinsa, da suka girma ma su uku ya daina rufe musu ƙafa sosai. Ta ce ba a ɓacewa a ɓulla wani wuri daga cikin harabar makarantar, Hermione ta yi ta nanatawa har ka haddace. Ta ce babu sihirin da ke tada matacce. Sannan akwai takardar da ta zana da hannu ta littafi na biyar, layi layi, kowane babi da watansa da abin da kowa ke ciki, hotonta na yawo ka nema ka gani.

Saboda haka ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk kayan tsafin da ka saka a labari ka bashi shafinsa, me yake yi, me baya iyawa, me mai shi ke biya in yayi amfani da shi, su wa suka san da shi, yanzu yana hannun wa. Shekarun yara da sunayen iyaye su ma ka rubuta, nan ne mantuwa ke shiga. Kafin ka saka jarumi a kowane irin tsaka mai wuya ka buɗe littafin ka duba ko yana da abin da zai fitar da shi a aljihu.

Shafi na 4 kuma kar ka koma ka goge a ɓoye, sun riga sun adana a wayoyinsu za su kama ka. A gaba zaka gyara. Kana iya cewa an caje shi an ƙwace layar, amma wannan arha ce kuma za a ce me yasa baka nuna ba. Ni da nine sai in ce ƙanwarsa ya rataya wa a daren da aka zo kama su, ita ta ɓace shi aka tafi da shi, kaga kukan da yake a ɗakin ya zama na rashin sanin ko ta tsira, kuma yanzu kana da yarinya ƙarama a waje da layar da bata san dokarta ba, wannan kaɗai zai baka shafi goma. Sai dai ka duba da kyau ko ka nuna ƙanwar a wani wuri tsakanin shafi na 15 da na 19, in ka nuna ta tana gida lafiya lau to dabarar ta rushe sai mu sake wata. Ka turo min waɗannan shafukan da daddare in duba kafin ka saki na 20.