Ya fito daga gidan yari: jari zan ba shi ko aiki?

Wani bawan Allah mai shagon ɗinki a Fagge ne ya turo min wannan tambayar: "Malam, ɗan maƙocina ne ya fito daga Kurmawa bayan shekara 3, wai a can ya koyi ɗinki, mahaifiyarsa ta zo har gida tana roƙon in taimaka masa. Ina da dubu 300 da zan iya cirewa, in ba shi ya ja jari ne ko in sa shi a shago? Gaskiya ina tsoron yadikan mutane da kuma surutun kwastomomi."

To Alhaji, Allah ya saka da alheri da wannan niyya, amma dubu 300 ɗin nan ka mayar da ita aljihu tukuna. Ba wai don yaron ba shi da amana ba, a'a, mutumin da ya yi shekara 3 a tsare bai san farashin zare na yau ba, bai san kuɗin hayar shago ba, ba shi da kwastoma ko ɗaya, ga bashin da gidansu suka ci lokacin shari'a, ga tsofaffin abokai da za su ji ƙamshin kuɗi su dawo, wallahi kafin wata biyu jarin ya narke sannan kowa ya ce ai dama mun faɗa, ɗan fursuna ne. Aiki shi ne abin da yake buƙata yanzu, wurin da zai fito kullum da safe ya zo.

Ka fara zama da shi ku biyu, ba a gaban yaran shago ba, ka tambaye shi kai tsaye me ya kai shi. Kar ka ji nauyi. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke ba a ma yanke musu hukunci ba, wani faɗa ne, wani bashi ne, wani kamen unguwa ne ya rutsa da shi. Wanda rigima ta kai shi daban yake da wanda ya ci amanar ubangidansa, in kuma akwai shaye-shaye a ciki wannan ita ce maganar da za ka fi sa wa ido, ta fi tarihin ɗaurin kansa. Ka kuma tambaye shi takardu, dokar 2019 da ta canja sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna natsuwa a ciki, in yana da ita ko ta koyon sana'a ya kawo ka gani.

Sai gwaji. Ka yanko masa yadi mai araha ya ɗinka wando da 'yar shara a gabanka, hannun tela ba ya ɓuya. In ya iya, ka sa shi a tsarin biya kan kowace riga, ana lissafi duk ranar Alhamis ko Asabar, kar ka yi masa albashin wata don yanzu kuɗin mota da na abinci ne matsalarsa. Ka samu mai tsaya masa, kawunsa ko limamin unguwa, a rubuta yarjejeniya a sa hannu.

Maganar yadikan mutane kuwa, Alhaji in yau shadda za ta iya ɓata a shagonka ba a san wa ya ɗauka ba to matsalar tana nan tun kafin ya zo, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sayi littafi, duk yadin da ya shigo a rubuta sunan mai shi da yadi nawa ne da telan da aka ba, kuɗi kuma su shiga asusun shago ta POS ko tiransifa. Dokar ta hau kan kowa har ɗanka, in shi kaɗai ake caje wa jaka da yamma ba zai yi sati ba zai gudu, kuma ina mai tabbatar maka ranar da almakashi ya ɓata shi za a fara kallo, to a ranar ne zai gane ko da gaske kake. Kwastoma kam ɗinkinsa yake so a kan lokaci, ba sai ka yi shela ba.

Wani abu da ake mantawa, layin wayarsa wataƙila an daɗe da sayar wa wani, asusun bankinsa ma ya kwanta. Ka taimaka masa ya gyara NIN da BVN ya buɗe asusu da sunansa, a riƙa cire wani abu daga kuɗin ɗinkinsa ana tara masa, ko ka sa shi a adashin shago.

In ya yi wata 6 yana zuwa a kan lokaci, musamman in ya tsallake rububin ɗinkin Sallah ba ƙorafi, to lokacin ne dubu 300 ɗinka za ta yi amfani. Ka sayi keken ɗinki da kanka da rasit da sunanka, ya ci gaba da aiki da shi a shagonka yana biya kaɗan-kaɗan, ranar da ya gama biya ka miƙa masa rasit ɗin a gaban kawun nasa.