Tambayi Anti Ungozoma: Yaya zan gane ranar da ƙwaina yake fita?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Shekarata 24, watanmu goma da aure, amma ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Maigidana yana kasuwanci a Legas, sau ɗaya yake zuwa a wata ya yi kwana huɗu. Ƙawata ta ce rana ta 14 ce ranar ɗaukar ciki, don haka nake sa shi ya zo daga ta 12 zuwa ta 15. Al'adata tana zuwa duk bayan kwana 34, ba ta cika saɓawa ba. Abin da ke ƙara damuna, da ya tafi sai in fara ganin wani ruwa mai yauƙi, har na sha maganin sanyi kala uku bai daina ba. Hajiyarsa ba ta ce komai ba tukuna, amma ina ganin kallon da take yi mini.
Amarya, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, ajiye maganin sanyin nan. Idan ruwan da kike gani garai yake, ba wari, ba ƙaiƙayi, kuma a lokaci ɗaya yake zuwa duk wata ya wuce da kansa, to ba ciwo ba ne. Shi ne alamar da kike nema, kika tasa ta a gaba da ƙwayoyin kemis.

Bari mu fara da lissafin ƙawarki. Rana ta 14 gaskiya ce, amma ga macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28. Ƙwai yana fita ne wajen kwana 14 kafin jini na gaba ya zo, wato daga ƙarshe ake ƙirgowa baya. Ke mai kwana 34, cire 14, saura 20. Kin gani? Maigida yana yi miki sallama a rana ta 15, ya kama hanyar Legas, baƙon da ake jira sai wajen rana ta 20 yake isowa, ya tarar ba mai tarbarsa. Shi kuwa ƙwai ba ya jira: awa 12 zuwa 24 yake yi, in bai haɗu da maniyyi ba ya lalace. Maniyyi ne mai haƙuri, yana iya kai kwana biyar da ransa a jikin mace. Saboda haka ranakunki guda shida ne, kusan daga ta 15 zuwa ta 20, kuma mafi albarka su ne biyu ko ukun da ke gab da fitar ƙwan.

Wani kuskure da na sha gani lokacin da nake ɗakin awo: in na tambayi mace ranarta ta ɗaya, sai ta ba ni ranar da ta yi wanka. Ba laifinta ba ne, mun saba ƙirga kwanakin tsarki saboda salla. A wannan lissafin kuwa, rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya fara zuba sosai. Kada kuma ki haɗa ruwan da muke magana da farin kumfar da ake gani a ƙarshen haila, kowanne da lokacinsa.

To, ga yadda ake duba ruwan. Bayan jini ya ɗauke, za ki yi 'yan kwanaki a bushe. Daga nan sai wani abu fari mai ɗan kauri ya fara fitowa, mai danƙo, in kin murza shi ya gutsure. Da ƙwai ya kusa, sai ya tsinke ya zama garai kamar farin ɗanyen ƙwai, da santsi. Wanke hannunki, ki ɗan lakato, ki haɗa babban yatsa da manuni ki buɗe a hankali. In ya ja zare kamar yauƙin ɗanyar kuɓewa bai tsinke da wuri ba, ƙofa ta buɗe. Wannan ruwan daga bakin mahaifa yake fitowa, shi ne ke raya maniyyi yana ba shi hanyar wucewa. Ranar ƙarshe da kika ga santsin nan, galibi ƙwai yana fita a ranar ko kusa da ita. Bayan nan sai ya koma mai kauri ko ya ɗauke. Kada ki duba washegarin kwanciya, don ragowar maniyyi za ta ruɗe ki.

Na sanyi daban yake: yana zuwa da ƙaiƙayi ko zafin fitsari, ko ƙarni, ko ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke, ko launinsa ya koma kore-kore ko ruwan ɗorawa. In kin ga haka, asibiti za ki je a yi gwaji, ba kemis ba. Kuma tunda mun zo nan, ina roƙon ki ki rabu da matsi da cushe-cushen da ake sayarwa da sunan gyara, da wanke can ciki da sabulu. Suna busar da ruwan da kike bukata, wasu ma su ne ke jawo sanyin na gaske. Ruwa zalla a waje ya ishe ki.

Akwai ƙananan alamu: ɗan tsunkuli a gefe ɗaya na mara, nauyin nono, ƙaruwar sha'awa, wata ma takan ga ɗan ɗigon jini. Wasu matan ba sa jin ko ɗaya, kuma suna haihuwa lafiya lau.

Ma'aunin zafin jiki fa? Bayan ƙwai ya fita, zafin jiki yana ɗagawa da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, ya tsaya a haka har al'ada ta zo. Ana aunawa ne da asuba, kafin ki sauko daga gado. Amfaninsa tabbatar da cewa ƙwai ya fita, sai dai labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa, kuma zazzaɓi ko rashin barci na dagula shi. Ga mai miji a Legas, ban ga ya cancanci wahalar ba. Tsinken gwajin fitar ƙwai da ake samu a manyan kemis ya fi shi: a fitsari ake tsomawa, in layi na biyu ya yi duhu kamar na farko, ƙwai na tafe cikin awa 24 zuwa 36. Ki fara gwadawa daga rana ta 16, da rana ko yamma. Ki kula kada a ba ki na gwajin ciki, kamanninsu ɗaya.

Abin da zan ce ki yi, ki sa maigida ya mayar da zuwansa rana ta 17 ya kai ta 20, ku riƙa kusantar juna kullum ko kwana ɗaya tsakani. Ki fara shan folic acid, maikiroguram 400 a rana, tun yanzu kafin ciki ya shiga, don yana kare kashin bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa. Wata goma ba jinkiri ba ne, musamman ga waɗanda kwanansu huɗu tare a wata. In kuka cika shekara shiru, ku je asibiti ku biyu, ba ke kaɗai ba, domin sau da yawa matsalar kan fito ta ɓangaren namiji, gwajinsa kuma shi ne mafi sauƙi. Mai shekara 35 zuwa sama, ko wadda al'adarta ke tsallake watanni, ita kada ta wuce wata shida.

Batun Hajiya kuwa, ki ci gaba da gaishe ta da fara'a, lissafinki ki bar shi tsakaninki da mijinki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar jini da ranar yauƙi, bayan wata uku ki aiko mini mu duba tare. Allah ya kawo masu albarka.