Ƙarin garanti kan motar lantarki

Tambaya: Malam, motata mai lantarki ta shekara uku, dillali ya matsa mini in sayi ƙarin garanti. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, bi a sannu. Yawancin kamfanoni suna ba babban batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, su gyara ko su canja idan ƙarfinsa ya gaza kashi 70 cikin ɗari. To, da sauran lokacinka. Motar ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ruwanta da fulogin inji. Inda takan ba da matsala shi ne allon gaba mai nuna bayanan mota, na'urar caji da ƙaramin batir mai bolt 12. Ni kam sai na ga allon da na'urar cajin rubuce a takardar kafin in sa hannu.